Farar jaka a cikin ganyen auduga: tsutsa ce ko gizo-gizo?

Manomin Bakori:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu ilimin ƙwari, ko duk wanda ya taɓa cin karo da abin da zan faɗa.

Ina noman auduga a yankin Bakori, a gefen gonar kuma akwai 'yan kunyoyin kuɓewa na masu gida. Bana ruwa ya yi, audugar ta yi ganye sosai, ta yi fure har ƙwallo ya soma fitowa. Tun da aka shiga watan takwas nake ganin ganyaye a naɗe. Da ma mun san tsutsar nan mai naɗe ganye, kowace shekara sai ta zo wa auduga da kuɓewa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wasu ganyayen idan na buɗe babu tsutsa, babu kashinta, ganyen ma ba a ci shi ba. Sai wata farar jaka ta yana, mai laushi, tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba, manne a bayan ganyen. Idan ka yage ta sai wani gizo-gizo ya fito a guje. Launinsa ruwan ɗorawa mai haske, wani har da ɗan kore-kore, bakinsa baƙi, ƙafafun gaba dogaye. Akwai wadda na samu da ƙwai a ciki, ita kuwa ba ta gudu ba, tsayawa ta yi ta ɗaga mini ƙafafu.

Shekaranjiya yaron da ke taya ni aiki ya sa hannu cikin ganye yana duba ƙwallo, wani abu ya cije shi a bayan yatsa. Ya ce zafin ya kai na harbin zuma. Wurin ya yi ja ya ɗan kumbura, zuwa washegari kumburin ya saɓe, saura ƙaiƙayi. Ba mu ga abin da ya cije shi ba, amma ganyen akwai irin wannan jakar. Mahaifiyarsa ta tayar da hankalinta, wai tautau ne, wai naman wurin zai ruɓe.

Mai shagon da nake sayen magani ya ce duk abin da ya naɗe ganye maƙiyi ne, in yi feshi kawai. Kun dai san kuɗin magani bana. Shi ya sa nake so in ji: wannan gizon yana cin ganye ko ƙwallo? Cizonsa na da haɗari? In yi feshin saboda shi, ko in bar kuɗina a aljihu?

Sarkin Feshi:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni sana'ata ke nan, feshi nake yi wa mutane a gonaki. Kada ka tsaya dogon bincike. Lokacin da ƙwallo ya fara fitowa shi ne lokacin da tsutsa ke huda shi, in ta shige kuwa magani ba ya kai gare ta. Ka sa maganin ƙwari saifametirin ka wanke gonar gaba ɗaya, da tsutsar da gizon kowa ya kama gabansa. Gizo-gizo dai ba zai biya maka bashin taki ba.

Malamin Bayoloji:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, ka kwatanta abin nan da kyau har zan iya cewa wani abu ba tare da hoto ba. Kafin ka kira Sarkin Feshi ba ni ɗan lokaci.

Abin da ka gani yana cikin waɗanda masana ke kira gizo-gizo masu jaka. Launin ɗorawa, baƙin baki, da dogayen ƙafafun gaba, duk alamun jinsin Cheiracanthium ne. Suna da iri fiye da 200 a duniya, kuma akwai ɗaya, Cheiracanthium furculatum, da ya bazu a yawancin Afirka kudu da Sahara, har Madagaska da tsibiran Kep Bad. A Afirka ta Kudu an san shi sosai a gonakin auduga da na inabi da kuma cikin gidaje. Tabbatar da ainihin iri sai an sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, amma jinsin kam da wuya ya zama wani.

Ba ya cin ganye, ba ya cin ƙwallo, ba shi ma da bakin da zai ci su. Yadda yake cin abinci shi ne ya cafke ƙwaro, ya soke shi da fiƙoƙinsa biyu ya zuba masa dafi, ya kwarara masa ruwan da ke narkar da nama, sannan ya tsotse. Jakar nan kuwa ba tarko ba ce. Wannan gizon ba ya saƙa yanar kama ƙuda irin wadda muke gani a kusurwar ɗaki ko tsakanin karan dawa da safe. Jakar makwancinsa ce. Da rana ya shige ya rufe, in dare ya yi ya fito yana yawo a kan ganye da reshe yana farauta da ƙafa. Idanunsa takwas ne, huɗu a layin gaba huɗu a na baya, amma ganinsa ba wani abin kirki ba ne. Da ƙafafun gaban nan yake lalube, gashin jikinsu na jin motsi ko yaya ƙanƙantarsa. A ƙarshen kowace ƙafa akwai ƙumba biyu da wani cunkuson gashi mai laushi da ke manne wa santsi, shi ya sa yake hawa gilashi da silin ba ya faɗowa. In gari ya kusa wayewa ba lallai ya koma jakar jiya ba, sau da yawa sabuwa yake saƙawa inda asuba ta same shi. Don haka za ka tarar da jakunkuna da yawa babu kowa a ciki, kada ka ƙirga su ka ɗauka yawan gizon ke nan.

A cikin jakar yake saɓa idan jikinsa ya girmi fatarsa, a ciki kuma macen ke yin ƙwai. Wadda ta tsaya maka uwa ce. Takan saƙa jaka mai kauri fiye da ta kwana, ta zuba ƙwai gommai a dunƙule, ta rufe kanta tare da su tana gadi har su ƙyanƙyashe. A wannan lokacin ne kawai za ka ga ta yi tsayayya, kuma cizon da ake samu a gona yawanci daga irinta ne, in an matse ganyen da hannu. Namijin kuwa wani lokaci yakan nemo budurwar da saura saɓa ɗaya ta balaga, ya saƙa tasa jakar a maƙwabtaka ya zauna jira, tana saɓawa ya sadu da ita. Rayuwarsu duka kusan shekara guda ce.

Yanzu ga yadda za ka raba shi da tsutsar, don nan ne kuɗinka yake. Tsutsa mai naɗe ganyen auduga, wadda masana ke kira Haritalodes derogata, tana yanka ganyen daga gefe ta naɗe shi kamar mazurari, ta ɗaure da 'yan zarurruka. In ka buɗe za ka ga baƙin kashi, ka ga inda ta ci, ka gan ta ita kanta kore-kore mai duhun kai tana mutsu-mutsu. Na gizon kuwa ɗan lanƙwasa gefen ganye ne ko haɗa ganye biyu, ciki fes, jakar fara sol, ganyen lafiyarsa lau. Wani lokaci gizon kan tare a naɗin da tsutsa ta bari, to nan za ka ga kashi da jaka tare, amma tsutsar babu.

Me yake ci a gonarka? Darɓa, ƙananan tsutsotsi, da ƙwan malam-buɗe-littafin dare da ke haifar da tsutsar ƙwallo. A kudancin jihar Teksas ta Amurka wani masani mai suna Robert Pfannenstiel ya riƙa manna ƙwan tsutsar ƙwallo a ganyen auduga yana zagayawa dare da rana don ya ga masu ci. Cikin masu zuwa da dare akwai ɗan'uwan wannan gizon, Cheiracanthium inclusum. A Isra'ila ma, wajen 1980, wani masani Mansour da abokan aikinsa sun cire gizo-gizo daga wasu bishiyoyin tuffa suka bar su a wasu, sai ɓarnar tsutsar Spodoptera littoralis ta fi yawa a inda aka cire. Wannan tsutsar kuwa ita ce dai mai cin ganyen auduga a Masar da sauran Afirka. Gizon da ya fi yawa a bishiyoyin shi ne Cheiracanthium mildei, kuma ba cin tsutsar kawai yake yi ba, shigarsa cikinsu na tarwatsa ƙananan su zubo ƙasa su mutu.

Sarkin Feshi yana da gaskiya a abu ɗaya: tsutsar ƙwallo in ta shige ta shige. Amma saifametirin ba ya zaɓe, yana kashe gizon fiye da yadda yake kashe tsutsar da ke naɗe cikin ganye. Shawarata, ka zaga gonar ka buɗe naɗaɗɗun ganyaye daga sassa daban-daban, ka duba furanni da ƙananan ƙwallaye ko akwai huda. In tsutsar ce ta yi yawa, ka yi feshinka saboda ita. In jakar gizo ce ta fi yawa kuma ƙwallo lafiya, wannan zagayen ka riƙe kuɗinka.

Uwar Biyu:

Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni ba manomiya ba ce, a Kaduna nake, amma irin wannan farar jakar ina ganinta a saman ɗakin yarana, daidai inda bango ya haɗu da silin, da kuma cikin ninkin labule. Da na ɗauka ƙwan wani abu ne. Shin shi ne dai? Abin da ya sa na damu, bara 'yata ta tashi da safe da wani dogon jan tabo a wuya, ya yi ƙananan ƙuraje masu ruwa, yana yi mata raɗaɗi. Kakarta ta ce fitsarin tautau ne. Ya kai mako biyu kafin ya bushe, ya bar baƙin tabo. Tun daga nan duk gizon da na gani sai na bi shi da tsintsiya, ko da yake surukata na hana ni, wai ba a kashe gizo-gizo saboda labarin kogon hijira. Ni dai yarana nake ji.

Nas Mai Aikin Dare:

Salam. Bari in sa baki a ɓangaren cizo, don shi muke gani a asibiti.

Yaya Uwar Biyu, abin da kika kwatanta a wuyan 'yarki bai yi kama da cizon gizo ba. Cizo wuri ɗaya yake tsayawa. Dogon jan layi mai ƙurajen ruwa da raɗaɗin ƙuna yawanci aikin wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi, Paederus, wanda ke bin hasken fitila da damina. Shi ba ya cizo ba ya harbi. Ruwan jikinsa ne ke ƙona fata idan mutum ya murje shi cikin barci, hannun ya ja ruwan ya yi layi. Shi ya sa in aka gan shi a jiki hure shi ake yi, ba a murjewa, in kuma an riga an murje a wanke da sabulu nan take. Akwai kuma ciwon da ƙwayar cutar ƙaranbau ke dawowa da shi, ƙuraje masu ruwa a jere a gefe ɗaya na jiki. Mutanenmu duk sukan haɗa su su ce tautau.

Alhaji, game da yaronka, yadda abin ya tafi shi ne yadda aka saba gani: zafi mai tsanani nan take, ja, ɗan kumburi, ƙaiƙayi, sannan ya wuce. Zancen ruɓewar nama ya daɗe yana yawo har a littattafan likitoci. A 2006 Richard Vetter da Geoffrey Isbister da abokan aikinsu suka bi diddigin mutum 20 a Amurka da Ostareliya waɗanda aka kama gizon yana cizonsu, masani ya tabbatar Cheiracanthium ne. Ko ɗaya naman bai ruɓe ba. Da suka waiwayi tsofaffin rahotanni, guda ɗaya tak suka samu tabbatacce da fata ta ɗan mutu, daga wani babban iri na Turai, shi ma ba mai tsanani ba. A Afirka ta Kudu har yanzu likitoci na lissafa irin namu na Afirka cikin masu iya jawo gyambo, sai dai yawancin waɗannan labaran ba a kama gizon ba, zato ne aka yi bayan ciwon ya fito.

Wannan zaton shi ne matsalarmu a nan ma. Mutum ya zo da ciwon da ya kwana biyu yana ci, ya ce gizo ne, alhali maruru ne da ƙwayar cuta ta shiga, ko gyambon mai ciwon suga, ko gyambon da ƙaramin ƙudan rairayi ke jawowa, wanda akwai shi a arewacin Najeriya da Nijar. Kowanne da maganinsa, kuma jinkirin da ake yi ana shafe-shafe a gida shi ke ɓata lamari.

Abin yi in an yi cizo: a wanke da ruwa da sabulu, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma ko ruwan sanyi, a sha farasitamol in zafin ya dame shi. Kada a tsaga, kada a ɗaure, kada a shafa baƙin mai ko garin batir ko man goge baki, duk muna ganin waɗannan. A hana shi susa da farce, don ta nan ƙwayar cuta ke shiga. In jan yana faɗaɗa bayan kwana biyu, ko ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya zo, ko tsakiyar ta yi baƙi, a kawo shi asibiti. Tun da aikin gona yake yi, a duba ko ya yi allurar tetanus. A gaya wa mahaifiyarsa ta kwantar da hankalinta.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:

Malam, wannan gizon ashe shi ne na labarin Mazda? Mu a garejinmu an daɗe ana ba da labarin. A 2011 kamfanin ya janye motoci ƙirar Mazda6 kusan 65,000 a Amurka da Kanada da Meksiko, saboda gizo na shiga siririn bututun da tankin mai ke shaƙar iska ta cikinsa ya yi saƙa ya toshe shi. In ya toshe, iska ba ta shiga, tankin ya riƙa matsewa har ya iya tsagewa. Suka sa wani ɗan sifirin a bakin bututun don ya hana shi shiga. A 2014 sai ga shi sun sake janye wasu 42,000, wannan karon suka gyara ta kwamfutar motar. Ogana ya ce ƙanshin fetur yake so. In haka ne a gaya mana, don mu da fetur muke kwana.

Manomin Bakori:

Na gode ƙwarai jama'a. Sista, na karanta wa mahaifiyar yaron bayaninki. Yatsan ya warke, har ya koma aiki.

Malam, na bi shawararka. Na zaga na buɓɓuɗe ganyaye. A ɓangaren da ke kusa da kuɓewa tsutsar ce ta fi yawa, kashi baƙi ƙirin, kuɓewar ma ta sha ɓarna. Tsakiyar gona da gefen gabas kuwa yawanci jakar gizo ce, ƙwallo kuma ban ga huda ba sai jefi-jefi. Don haka gefen kuɓewar kawai na sa aka fesa, sauran na sa yara suna tsinke naɗin da ke da tsutsa suna murƙushewa. Na ce kowa ya buɗe da tsinke ya duba kafin ya matse. Sarkin Feshi ka yi haƙuri, aikinka ya ragu.

Bayan isha'i kuma na koma da tocila don in gani da idona. Gaskiya ne, suna nan a waje, ba sa zama wuri ɗaya, daga ganye zuwa ganye suna miƙa ƙafafun gaba. Na ga ɗaya riƙe da wata 'yar tsutsa. Amma akwai abin da ban gane ba. Na ga guda biyu, kowanne a ganyensa, sun kifa baki a kan babbar jijiyar bayan ganye, kusa da gindinta, sun daɗe ba su motsa ba. Na duba wurin babu ƙwaro, sai wani ɗan rami mai danshi. Kai ka ce ba ya cin ganye. To me yake yi a nan? Kada dai ruwan ganyen yake tsotsa irin na darɓa.

Sannan na ga wani iri dabam a kan karan dawar da ke iyakar gona, cikin ganyen da aka ninke. Shi launin ƙasa ne, ƙafafunsa ba su kai na wancan tsawo ba, jikinsa na sheƙi. Jakarsa iri ɗaya. Namiji ne da mace, ko dabam suke?

Malamin Bayoloji:

Alhaji, abin da ka gani da tocila mutane da yawa da suka karanci aikin gona ba su taɓa gani ba, don ba sa fita da dare.

Ɗan ramin nan ba gizon ne ya huda shi ba. Auduga da kanta take da shi. A bayan ganyenta, kan babbar jijiya, akwai wata 'yar ƙofa da ke fitar da ruwa mai zaƙi, akwai irinta kuma a gindin fure. Gobe ka duba lafiyayyun ganyaye da rana, za ka ga ramin a kusan kowanne, sau da yawa da tururuwa ko cinnaka a kai. Gizon lasar wannan ruwan yake yi, ba ya huda komai. Robin Taylor da Pfannenstiel ɗin nan sun kama gizo-gizo a gonakin auduga suka gwada cikinsu suka samu sukarin tsiro, sannan a ɗakin gwaji suka ga 'ya'yan Cheiracanthium da ke samun ruwan zaƙi sun fi rayuwa da girma idan ƙwari sun yi ƙaranci. Mai yawo dare farai yana buƙatar abin da zai riƙe shi. Ita audugar ba ta yi asara ba, ruwan da ma don jawo irin waɗannan masu cin ƙwarin take fitar da shi.

Na kan dawa kuwa ba matarsa ba ce. Bisa kwatancenka ya fi kama da Clubiona, su ne asalin dangin masu jaka, Clubionidae, dangin da ke da iri fiye da 600. Bambancin da ido zai iya gani: a Cheiracanthium ƙafafun gaba ne suka fi tsawo, a Clubiona na baya ne, kuma jikinsa na lulluɓe da gajeren gashi mai sheƙi, akwai ɗan tsagi a tsakiyar bayansa. Suna son ciyawa, ɓawon bishiya da busasshen ganye. Wasunsu gwanaye ne wajen ninke ganyen ciyawa sau biyu ya zama ɗaki mai kusurwa uku, su liƙe da yana. A gonakin shinkafar Japan da Sin akwai Clubiona japonicola da ke cin ƙwarin da ke tsotsar shinkafa. A Turai kuma wasunsu na farauta a ɓawon bishiyoyin lambu har cikin hunturu, lokacin da sauran masu cin ƙwari suka kwanta, har masu bincike a ƙasar Cek suka riƙa ɗaura kwali a jikin bishiyar fiya irin ta Turai (pear) don su samar musu mafaka.

Da can duk dangi ɗaya aka ɗauke su. Clubionidae ta zama wurin da ake jefa duk gizon da ke da ido takwas a layi biyu yana kwana a jaka, sai daga baya aka yi ta tsame ƙungiyoyi ana ba su danginsu. Shi Cheiracanthium an mayar da shi Miturgidae a 1997, aka kai shi Eutichuridae a 2014, a 2018 kuma sunan dangin ya koma Cheiracanthiidae. Ni da na koyar da shi a matsayin Clubionidae shekara da shekaru, tsoffin ɗalibaina sai su yi haƙuri da masana. In ka buɗe tsohon littafi ka ga wani suna, gizon bai canza ba.

Namiji da mace kuwa ga yadda ake ganewa a kowane gizo: dubi 'yan gajerun hannuwa biyu da ke gefen baki. Na namiji balagagge kawunansu a kumbure suke, da su yake ɗaukar maniyyi ya sa wa mace. Na mace sirara ne. Namijin Cheiracanthium har da wata ƙaya mai kallon baya a kan kumburin, jikinsa kuma ya fi siranta, ƙafafu sun fi tsawo.

Hajiya Uwar Biyu, na cikin ɗakinki mai yiwuwa shi ne, kusurwar silin da ninkin labule wurarensa ne. Ba sai kin sa maganin feshi a ɗakin yara ba. Ki share jakunkunan da doguwar tsintsiya da rana lokacin yana ciki, ki fitar waje. Cizon cikin gida yawanci na faruwa ne idan ya shiga riga ko zanen gado aka danne shi, don haka a kakkaɓe kaya da shimfiɗa kafin a yi amfani da su, a janye gado daga jikin bango, a sa gidan sauro. Fitilar waje ta bakin taga tana tara ƙwari, ƙwari kuma su ke kawo shi. Tsakar da ke bangonki ma tana rage miki su.

Bakanike, labarin motar haka yake, amma zancen son fetur ba a tabbatar da shi ba. Siririn rami mai duhu ya samu, irin wanda yake nema kowace asuba.

Sarkin Feshi:

To Malam, na ji. Amma ina da ja a wuri ɗaya. Ka ce da rana yana cikin jaka a rufe. Mu kuwa da safe muke feshi. Ke nan maganin ba ya taɓa shi, me ya sa za a ce ina kashe shi?

Malamin Bayoloji:

Tambaya mai kyau, ƙanena. Jakar na kare shi daga ɗigon da ke sauka a lokacin, gaskiya ne, kuma ya fi mai saƙar tarko sa'a, don ita yanar tarko tara maganin take yi. Sai dai saifametirin da danginsa suna zama a kan ganye kwanaki. Dare na yi ya fito ya taka ganyen nan da ƙafafu takwas har asuba, ga kuma ƙwarin da zai ci duk sun sha maganin. Wanda ya tsira ma abincinsa ya ƙare. Sannan darɓa da tsutsa suna hayayyafa cikin 'yan makonni, shi kuwa sai ya shekara, don haka su ke riga shi dawowa gonar. Sababbin da za su maye gurbi 'ya'ya ne ƙanana da ke sakin zare iska ta ɗauko su daga ciyawar gefen gona da dawar maƙwabta, shi ya sa barin ɓangaren da ba a fesa ba, kamar yadda Alhaji ya yi, yake da amfani. In tsutsar ganye ce kaɗai matsalar, ruwan 'ya'yan darbejiya ko maganin Bt, wanda ake yi da wata ƙwayar bakteriya mai kashe tsutsa, sun fi sauƙi a kansa, amma sai tsutsar tana ƙarama suke aiki sosai.

Alhaji, in kana so a tabbatar maka da irin, ka kama namiji balagagge ɗaya da mace ɗaya da kofi, ba da hannu ba, ka sa su a ƙaramar kwalba da sifirit na kemis. Ka rubuta wuri da rana da irin shukar da fensir a 'yar takarda ka jefa ciki, biro yana narkewa. Ka bai wa malamin gona na yankinku ya kai sashen kare amfanin gona a Samaru, Zariya.